An juya bargon da na ɗinka ana neman tambarin kamfani: in ci gaba ko in haƙura?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ya sanyi? Wata magana ce ta tsaya min a maƙoshi tun jiya, na ce bari in kawo ta nan ko na samu sauƙi.

Facalata ce ta haihu, jiya aka yi suna a Gwammaja. Tun ranar da aka ce ta sauka na hau keke, kwana shida ina kan abu ɗaya. Bargon jariri na ɗinka, yadi ɗaya tsawo, yadi ɗaya faɗi. Fuskar guntayen atamfa ne na yanyanka gida-gida guda 36 na harhaɗa, cikin kuma farin yadi mai laushi na saka, na bi gefen da ɗinki biyu. Na ƙara da wani ɗan zomo na ƙyalle mai dogayen kunnuwa. Wallahi akwai daren da sai da na kai ƙarfe biyu ina juya kunnen zomon nan da gindin cokali.

To jiya da aka zo buɗe kayan barka, yayar mai jegon ce ke ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, mata na kallo. Da ta zo kan nawa sai ta juya shi, ta sake juyawa, tana laluben gefe. Ashe tambarin kamfani take nema. Can sai ta ce, "Au, ɗinkin gida ne? Sannu da ƙoƙari." Ta ajiye a bayanta. Na gaba da ta ɗaga irin bargon nan ne na Chaina mai jaka da zif, da hoton tedi a jiki, nan take ɗaki ya ɗauki masha Allah.

Niyyata dama in fara yi na sayarwa, yanzu duk jikina ya mutu. Don Allah ku gaya min gaskiya: a Kanon nan tamu akwai mai sa kuɗinta ta sayi bargo ko 'yar tsanar da aka ɗinka a gida? Ko dai in haƙura in koma riga da siket ɗina?

Ummu_Sadiq:
Wa alaikumus salam. Kai, wannan "sannu da ƙoƙari" ɗin ni ma sai da ta soke ni daga nan inda nake. Gara a ce miki bai yi kyau ba, kin san inda aka dosa. Allah ya raya abin da aka samu, ke kuma ya ba ki ladan zumunci.

'YarKurna:
Anti Maman Ilham ki yi haƙuri zan faɗi wadda ba za ki so ba. Ke ce kika yi kuskure. Ranar suna ranar nuna kaya ce, ba ranar duba inganci ba. Babu mai lokacin duba ɗinki biyu a ɗakin da mata arba'in ke ciki ana ta rabon waina. Jaka ake kallo, girma ake kallo, sheƙi ake kallo. Da kin samu leda mai kauri kin naɗe shi, kin ɗaure da ribon, kin liƙa 'yar takarda mai suna, da yayar nan da bakinta za ta tambayi shagon da aka sayo.

Maman_Ilham:
@'YarKurna ai fa a baƙar leda na kai shi, ba zan ɓoye ba. Hhhh.

'YarKurna:
To kin gani. Ke kika kashe kasuwarki da hannunki.

ƊanKwari_Layi:
Salamu alaikum iyayenmu mata. Ni a Kantin Kwari nake, irin bargon da aka yi wa masha Allah ɗin ma muna sayar da shi, don haka kar a ce na zo kare kayana. Amma bari in faɗi yadda abin yake. Bargon nan inji ne ke fitar da shi dubbai a rana, zarensa na roba ne, a kwantena yake zuwa, mu ɗauka dila-dila. Hajiya kin ce kwana shida kika yi a kan guda ɗaya. Ko a kyauta aka ba ki yadi da zare, in kika sa wa kwana shidan nan kuɗi, kin wuce farashinmu nesa ba kusa ba. In gasar araha za ki shiga da mu, gaskiya ki haƙura tun yanzu.

Sai dai akwai wani abu. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, kayan waje ba su da arahar da aka san su da ita. Mai sayen uku a da, yanzu ɗaya take ɗauka, tana kuma tambaya ko zai kai ƙanin jaririn. Wannan tambayar a da ba ma jin ta.

Tela_Fagge:
ƊanKwari ya faɗi gaskiya a kan zaren roba, kuma nan ne ma inda mai ɗinkin gida take da bakin magana in ta san abin da take riƙe da shi. Shekarata ashirin da wani abu a kan keke, ga gwajin da maigidana ya koya min. In kina shakkar yadi, yanko ɗan guntu kamar farce, riƙe da almakashi, kanga masa ashana. In auduga ce zai ci da wuta, ya yi warin takarda, ya bar toka mai laushi da za ki murje da yatsa. In roba ce zai motse ya narke, ya yi baƙin hayaƙi, ya bar wani dunƙule mai tauri kamar tsakuwa. Da yawa abin da ake ce muku kotin ne a kasuwa gauraye ne, atamfar ma yanzu akwai mai roba a ciki.

Abu na biyu, Hajiya, kin wanke atamfar kafin ki yanka? Don sabuwar atamfa cike take da sitaci, wata kuma tana zuba. Auduga kuma tana shiga in ta sha ruwan farko. In kika haɗa wankakken yadi da wanda ba a wanke ba, wankin farko bargon zai tattare gefe guda kamar an ja masa zariya.

Maman_Ilham:
@Tela_Fagge Malam na gode. Guntayen atamfar ragowar ɗinkunan mutane ne da nawa, na jiƙa su kwana ɗaya na wanke na goge. Jajayen biyu sun zuba, na fitar da su. Amma farin yadin ciki gaskiya ban wanke ba, kuma ban gwada shi da ashana ba. Yanzu ka sa min fargaba.

Tela_Fagge:
Ba abin fargaba ba ne, ki dai kiyaye gaba. Sannan ki riƙa bin tsakiyar bargon da layukan ɗinki, ko bisa gidajen da kika haɗa, don fuska da ciki su riƙe juna. In gefe kaɗai kika ɗinke, da an wanke sai ya zama kamar buhu.

Hajiya_Mandawari:
Jikata ce ke rubuta min, ni idona ba ya ganin ƙananan rubutun nan. 'Yata Maman Ilham, na ji labarinki na yi dariya, ba don ke ba, don zamani. Mu da muka tashi a cikin Birni, abin da aka yi da hannu shi ne na masu hali. Luru da gwado masaƙa ne ke saƙa su ƙwarya-ƙwarya, a zo a harhaɗa da allura, a kai Kurmi. Wanda ya samu luru mai nauyi a gidansa har 'ya'yansa sai sun gada. Zanin goyon da aka goya ni da shi saƙi ne, an rina shi a marinar Ƙofar Mata, da shi aka goyi ƙannena huɗu. Yau an wayi gari wai sai abin da ya fito daga leda.

'Yar tsana kuwa wa ya saya mana? Totuwar masara muke samu, mu naɗe ta da tsumma, mu ɗaura a baya da ɗankwali muna jijjigawa. Wadda ta iya ta yi ta kara, ta kitsa mata gashi da zare. A nan yarinya ke koyon ɗaurin majanyi. Ki ci gaba da abinki, da tsohuwar zuma ake magani.

Ummu_Sadiq:
Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Totuwa! Wallahi kin tuna min gidan kakata, har faɗa muke yi a kan wadda ta fi girma.

Zee_ZooRoad:
Ina girmama Hajiya, amma a bar mu mu faɗi tamu. Luru ba zai taɓu a fatar jaririn kwana bakwai ba, kaushi gare shi. Kuma mutane ba wawaye ba ne da suke son na kanti: laushi gare shi kamar mage, da an wanke ya bushe kafin la'asar, ga araha. Mai jego da ke fama da tumbiɗi da fitsari sau goma a rana, abin da zai bushe da wuri take so. Ba komai ne raina na gida ba.

Nas_Tarauni:
Na daɗe ina karantawa, bari in sa baki ta ɓangaren aikina, don ina ganin ana ta maganar kyau da kuɗi an bar babba.

Na farko, zomon nan. Maman Ilham, idonsa da me kika yi? In maɓalli ne, ko irin idon roba da ake liƙawa, ko duwatsun ado, ki aika a karɓo shi yau ɗin nan. Yaro daga wata huɗu zuwa biyar komai baki yake kaiwa, lokacin fitar haƙori kuma da ƙarfi yake ciza. A Turai da Amurka doka ce, abin wasan ɗan ƙasa da shekara 3 ba a yarda ya zama da wani ɓangare da zai ɓalle ya shige bututun gwaji mai faɗin santimita 3 da ɗoriya ba, don kwatankwacin maƙogwaron yaro ke nan. A gida za ki iya gwadawa da kwalin da ke tsakiyar tishu: duk abin da ya shige ciki, bai dace da hannun jariri ba. Haka dogon ribon ko igiya a wuyan 'yar tsana, a bar shi.

Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci, barci. Shawarar ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ita ce jariri ya kwanta rigingine, a shimfiɗa mai ɗan tauri, ba filo, ba tedi, ba lallausan bargo a kusa da fuskarsa har ya cika shekara ɗaya. Tun 1994 suka fara gangamin kwantar da jarirai a bayansu, mutuwar farat ɗaya a cikin barci ta ragu sosai a can. A Ingila kuma suna cewa in za a rufa, a sa bargo mara nauyi, kar ya wuce kafaɗa, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa. Dalili ɗaya ne: jariri ba shi da ƙarfin ture abin da ya rufe masa hanci. Mu nan da sanyi ya shigo sai a sa masa riga uku, hula, safa, a naɗe da shawul, a ɗora bargon nan mai kauri har ka. Sau nawa ake kawo mana yaro jiƙe da gumi, jiki duk ƙuraje, a ce zazzaɓi ne, da an rage kayan sai ya dawo daidai. Ki taɓa ƙirjinsa ko ƙeyarsa, in da gumi kaya sun yi yawa. Sanyin tafin hannu ba shi ne ma'auni ba.

Maman_Ilham:
@Nas_Tarauni Anti Nas, da zare na yi ido da hancin, baƙin zare ninki shida, na ƙulle ta ciki. Babu maɓalli ko ɗaya. Amma maganar kar a kwantar da shi da zomon ban sani ba, ni har cewa na yi a riƙa ajiye masa a gefen kai.

Nas_Tarauni:
Madalla da idon zare. Zomon a ajiye shi sai yaro ya fara zama, a ba shi yana farke ana kallonsa. Kuma kin ga bargonki mai shafi biyu na auduga, in dai audugar ce, ya fi min wancan mai kaurin kwanciyar hankali.

Maman_Twins_Hotoro:
Maganar roba da Tela ya yi ta tuna min abin da ya same ni a jegon 'yan biyu. Watan Janairu ne, sanyi kamar me. Kun san ɗakin mai jego ba ya rabo da kasko. Ƙanwata ta zuba turaren wuta, garwashi ya yi tartsatsi, ɗan ƙanƙani ya faɗa kan bargon Hassan. Kafin in ce wani abu wurin ya narke ya zama rami kamar bakin kofi, gefen ya yi baƙi ya daskare. Allah ya sa yaron yana hannun Inna a lokacin. Da na taɓa wurin sai ya manne min a yatsa, sai da ya tashi. Tun ranar na daina haɗa bargon roba da kasko a ɗaki ɗaya.

Nas_Tarauni:
Allah ya kiyaye gaba. Kaskon ma kansa, gawayi a rufaffen ɗaki da jariri haɗari ne ko babu bargo, iskar da yake fitarwa ba ta da wari amma tana kisa. A turara ɗaki jariri na waje, a buɗe taga, sannan a dawo da shi.

Ummu_Abdallah:
Ni duk ba wannan ba. Ana ta zomo, ana ta 'yar tsana, babu wanda ya tambayi hukunci. Ba siffanta abu mai rai ba ne wannan? Ni a gidana ba na ajiye su, surukata ma in ta gani a bola take jefawa, ta ce suna hana mala'iku shiga. Maman Ilham ki tambayi malamai kafin ki mayar da shi hanyar cin abinci. Bargon ba matsala.

Abu_Sumayya:
@Ummu_Abdallah Allah ya saka da alheri da tunatarwa, tambaya ce a wurinta. Abin da na karanta a gaban malamai shi ne, abin wasan yara an keɓe shi daga hanin. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙawayenta na zuwa su yi tare. A Abu Dawud kuma akwai labarin dokinta mai fukafukai na ƙyalle, da ya tambaye ta, ta ce ai Annabi Sulaiman yana da dawakai masu fukafukai, har ya yi dariya. Sannan Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ba da labarin yadda suke yi wa yaransu abin wasa da ulu ranar azumin Ashura, in yaro ya yi kukan yunwa a ba shi ya shagala har a sha ruwa. Alƙali Iyad, babban malamin Malikiyya, ya tafi a kan halaccin 'yan tsana ga yara mata, ya kuma jingina hakan ga mafi yawan malamai.

Inda aka yi saɓani shi ne irin na roba na yanzu masu kama da mutum sak, har ƙifta ido da kuka. Wasu malaman sun ce a guje su ya fi. Kin ga ke nan na ƙyalle da ulu shi ya fi kusa da abin da ya zo a hadisan. Allah ne mafi sani.

Ummu_Abdallah:
Na ji Malam, na kuma ƙaru. Amma ni dai zuciyata ta fi natsuwa da wadda ba a yi wa fuska ba.

Sadiya_Ɗinki:
@Ummu_Abdallah ai kuwa irinku ne kwastomomina. Shekara uku ke nan ina yin 'yan tsana marasa fuska, in sa musu doguwar riga da ɗan hijabi, wasu in yi musu atamfa da ɗaurin ɗankwali har da goyo a baya. Masu goyon nan su suka fi tafiya.

Maman Ilham, bari in ba ki amsar tambayarki kai tsaye tunda ni a ciki nake. Ana saye, amma ba mutanen ɗakin suna ba. Masu saye kala uku ne a wurina: wadda ɗanta ke da ƙaiƙayin fata likita ya ce ta koma auduga, wadda ke son a ɗinka sunan jariri a jikin bargon, da masu kai tsaraba Abuja ko waje suna son abin da za a gani a ce daga Kano ya zo. Sunan nan kar ki raina shi. ƊanKwari yana da komai a shagonsa, amma ba shi da bargon da aka rubuta Muhammad Al'amin a gefensa da koren zare. Matsalar kawai sai ranar suna ake sanin sunan a wasu gidajen, don haka nake ɗinka bargon in ajiye, da an raɗa suna a turo min ta WhatsApp in zauna in saka.

Kuma ki daina gida 36. Yi gida tara manya, ko fuska ɗaya sukutum da baki mai wata kala. Kwana shida a bargo ɗaya kyauta ce, ba sana'a ba.

ƊanKwari_Layi:
Hhhh Hajiya Sadiya ta kama ni. Suna kam babu. Amma ki zo ki sayi yadin a wurina, kowa ya samu.

Abban_Khalil:
Ni namiji ne, ban san zare ba ban san allura ba, abin da na sani lissafin kayan haihuwa. Madam ta rubuto min bargo uku, shawul huɗu, tawul biyu. Na ce jaririn nan shago zai buɗe? Yanzu Khalil shekararsa biyu, biyu daga cikin bargunan suna saman wardirob ko zif ɗin ba a taɓa zugewa ba. Abin da yaron ya maƙale wa wani tsohon zanin kakarsa ne da ya koɗe, in babu shi babu barci a gidan. Mun taɓa juyowa daga Wudil saboda an manta shi.

Maman_Khalil_ce:
Abban Khalil ina cikin zauren nan fa.

Abban_Khalil:
Na janye maganar wardirob.

Bilkin_Sharaɗa:
Hhhh Allah ya bar ku tare. Don Allah masu yi, da me kuke cusa cikin 'yar tsanar? Ni na gwada da guntayen ƙyalle ta yi nauyi ta yi gudaji-gudaji kamar tuwon da bai tuƙu ba. Wata ta ce in sa audugar rimi.

Sadiya_Ɗinki:
Kar ki sa audugar rimi a abin jariri. Tana da laushi, ba ta da nauyi, shi ya sa iyayenmu ke cusa matashi da katifa da ita. Amma ba ta son wanki, in ta jiƙe sai ta dunƙule, gashinta kan sulalo ta kafar ɗinki yaro ya shaƙa, ga saurin kama wuta. Soso yankakke ma ban so, yana marmashewa. Faiba nake sawa, irin farar nan ta cikin filo, wurin masu kayan katifa da kujeru ake samu. Ki yayyage ta ƙanana-ƙanana, ki fara cusa hannuwa da ƙafafu da bayan fensir, sannan ciki. In kika danna babban dunƙule lokaci ɗaya sai ta fito kamar mai ƙari. Ki rage tazarar ɗinkin kekenki, ki bi sau biyu, musamman hammata da wuya, nan suke fara ɓarkewa. Kafar da kika bari ta cusawa ki rufe da allurar hannu, ɓoyayyen ɗinki. In kin gama ki kama hannun ki ja da ƙarfinki. In ya ɗaga a hannunki, a bakin yaro ma zai ɗaga.

Zee_ZooRoad:
To ai faibar ma roba ce. Kun gama zagin bargon roba kun koma cusa roba a cikin zomo.

Tela_Fagge:
@Zee_ZooRoad ba zagi ba ne Hajiya, kowanne da wurinsa. Abin da zai kwanta a fatar yaro dare da rana daban, abin da ke ƙunshe a cikin ƙyalle daban. Kuma abin da za a wanke duk mako saboda dalala, gara wanda zai bushe har ciki. Auduga in ta kwana da danshi a ciki fumfuna take yi.

Maman_Twins_Hotoro:
Ni tambayata ga masu zuwa Ƙofar Wambai, tedin gwanjo fa? Akwai masu kyau sosai, wasu kamar sababbi.

Nas_Tarauni:
In za ki saya ki duba ido da hanci ki ja su, ki duba ko akwai gidan batir a ciki. Ƙaramin batir ɗin nan mai kama da maɓalli in yaro ya haɗiye yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan awoyi, asibiti ake nufa da gudu. Mai dogon gashi da ke tsigewa a bar wa manyan yara. Sannan a wanke da ruwan zafi da sabulu, ya sha rana sosai.

'YarKurna:
Mun yi nisa fa. Ni har yanzu ina kan bakata, Anti matsalarki leda ce ba ɗinki ba. Sadiya, ke a me kike ba da naki?

Sadiya_Ɗinki:
Jaka nake ɗinka masa da ragowar yadin, mai zariya, daga baya uwar ta riƙa zuba kayan jariri in za ta asibiti awo. Amma 'YarKurna ba leda kaɗai ba ce. Akwai wadda ko a akwatin zinare kika kai mata, da ta ji an ce maƙociyarta ce ta ɗinka, darajarsa ta faɗi. Ni dangina ne ƙarshen waɗanda suka fara saye a wurina, sai da suka gani a hannun bare. Har yau kuma in sun zo cewa suke, "Ai ke ce ke yi, a rage mana."

Maman_Ilham:
Na dawo. Yau da safe na je Gwammaja duba mai jego, da niyyar in faɗa mata maganar Anti Nas a kan zomon. Ina shiga na tarar da bargona a shimfiɗe a kan gado, an ɗora jaririn a kai ana canza masa famfas. Har ya sha wanki ɗaya, kuma Malam Tela ka yi gaskiya, gefe ɗaya ya ɗan tattare. Na Chainan yana can saman akwati a jakarsa. Na tambayi facalar tawa, ta ce ai wancan na fita unguwa ne, kar ya lalace, nawa kuma shi ne na yau da kullum tunda ba ya sa shi gumi. Zomon kuma yayar jaririn 'yar shekara uku ta ƙwace, ta goya shi da ɗankwalin uwarta, kunnuwan na reto.

Wallahi na rasa gane yabo ne ko raini.

Ummu_Sadiq:
Yabo ne mana! Wanda ake amfani da shi ai shi ne bargo.

Zee_ZooRoad:
Ni kuwa raini na gani. An ajiye mai daraja, an sa naki a wurin fitsari. In kwastoma haka take kallon kayanki, ba za ta biya kuɗin kirki ba.

Hajiya_Mandawari:
A gaya wa 'yar nan mai goyon zomo ta ja majanyin sama, kar ya zame.

Sadiya_Ɗinki:
Duk biyun ne, Zee, kuma haka za ki yi ta gani. Maman Ilham ki ɗauki hoton yarinyar ta baya, ba fuska, da iznin uwarta, ki sa a status ki ga abin da zai biyo baya. Ni da irin wannan na samu odar farko.

Bilkin_Sharaɗa:
Anti Sadiya kunnen zomon fa, shi ma ana cusa masa faiba ko haka ake barinsa? Nawa na cusa ya miƙe tsaye kamar na jaki.

Maman_Ilham:
@Bilkin_Sharaɗa ni ban cusa ba, shafi biyu kawai na haɗa na juya na goge. Bari a kawo wuta in yi caji, zan turo miki yadda na yanka shi a takarda.